Abin da Na Gani a Kasuwannin Bankok

Jawabin da ɗaya daga cikin membobinmu ya gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai, a Katabu.



Mai girma Shugaban Taro, Uban Ƙungiya, Shugaban Makaranta, malamanmu da suka sha wahalarmu, yayyena da ƙannena tsofaffin ɗalibai, da kuma ɗaliban yanzu da nake hangowa can baya, ina yi muku barka da zuwa, da fatan kowa ya baro gida lafiya.

Da Sakatare ya same ni ya ce in zo in ba da labarin tafiyar da na yi ƙasar Tailan, sai da na yi ta zillewa, domin a cikin ɗakin nan akwai waɗanda suka riga ni ganin duniya tun ina aji ɗaya ina yi musu wanki. Abin da ya sa na amince shi ne na duba ajandar taron yau, na ga akwai batun filin nan namu na bakin titi, wanda kwamiti ya kawo shawarar a gina jerin shaguna a kansa don ƙungiya ta riƙa samun kuɗin haya. Abin da na gani a can ya shafi wannan batu, saboda haka na ga bai kamata in yi shiru ba.

A shekarar 2023 ne ofishinmu ya tura ni wani ɗan gajeren kwas na mako biyu a Bankok, babban birnin ƙasar Tailan. Mun tashi daga Abuja, muka ya da zango a Adis Ababa, sa'an nan muka sauka a filin jirgin Suvarnabhumi, wanda aka buɗe a 2006. Agogonsu ya riga namu da awa shida, watau lokacin da ake kiran sallar Asuba a nan Katabu, su can hantsi ya riga ya dubi ludayi. Abin da ya fara rikita ni rasit ne. Na sayi ruwan sha, na duba takardar, sai na ga an rubuta shekara ta 2566. Ashe lissafin shekarunsu na addinin Buda ne, ya zarce na Miladiyya da shekara 543. Kuɗinsu kuwa sunansa bat.

Ana tashi daga darasi da la'asar, Asabar da Lahadi kuma babu aiki. Abokan kwas ɗina suka riƙa zuwa kallon gidajen tarihi, ni kuwa ɗan 'yan kasuwa ne, a rumfar mahaifina na yi wayo, don haka sai na nufi kasuwa. Hausawa sun ce in kana son sanin gari, je ka kasuwarsa.

Inda na fara zuwa shi ne Pratunam, unguwar da duk ɗan kasuwar ƙasar nan da ya taɓa zuwa Bankok ya san ta. Ma'anar sunan a harshensu ita ce ƙofar ruwa, saboda wata mashigar ruwa da ke kan magudanar Saen Saep, wadda har yanzu jiragen ruwa na haya suke bi suna ɗaukar fasinja. Kasuwar sarin tufafi ce, lunguna ne ƙanana a gindin wani dogon bene mai suna Baiyoke, mai hawa fiye da 80. In kun san Kantin Kwari a Kano, to ku ƙiyasta irinsa, sai dai maimakon atamfa da shadda, a nan ɗinkakkun kaya ne: riguna, wanduna, kayan yara, jakunkuna da takalma. Ba na jin harshensu, mai rumfa ba ta jin nawa, amma ciniki bai tsaya ba. Za ta danna farashi a kalkuleta ta miƙo mini, in goge in danna nawa in mayar mata, har mu daidaita. Kuma farashi iri biyu ne: in guda ɗaya za ka saya, kuɗinsa daban, in ka ɗauki uku ko fiye, an sa ka a layin masu sari.

A cikin lungunan nan ne na ji ana waya da Hausa a bayana. Na juya, sai ga wani dattijo Bakano da carbinsa, yana lissafin dila. Na rusuna na ce, "Alhaji, barka da kasuwa." Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Malam, kai ma'aikaci ne, ba ɗan kasuwa ba." Na tambaye shi yadda aka yi ya gane, ya ce ɗan kasuwa ba ya yawo a Pratunam da hannu a aljihu. Daga nan muka saba, ya kai ni unguwar Nana, inda Larabawa da mutanen Afirka suke da gidajen abinci na halal, muka ci shinkafa da naman rago.

Alhaji ya ba ni labarin cewa tun yana saurayi yake zuwa garin, kuma a da 'yan Afirka ta Yamma sun fi haka yawa a Pratunam. Wannan ya yi daidai da abin da aka sani a tarihi. A watan Yuli na 1997 darajar bat ta karye, rikicin kuɗi ya bazu a ƙasashen gabashin Asiya, kuma daga wajejen nan ne fatake da yawa na Afirka suka karkata zuwa Guwanzu ta ƙasar Sin, wasu kuma Dubai. Na ce to shi me ya hana shi binsu gaba ɗaya? Sai ya ce in biyo shi in gani. Ya shiga da ni bayan wata rumfa, muka hau wani ɗan bene, sai ga mata kamar su takwas a kan kekunan ɗinki, ga mai yanka yadi, ga mai guga. Ya ce in ya kawo samfurin riga daga Kano ya ce yana son dozin kaza, a ƙara tsawon hannu, a rufe wuya saboda matanmu, kafin ya bar gari an ɗinka an ɗaure. Ya ƙara da cewa yanzu kaya da yawa a kasuwar daga Sin ake kawo su, amma masu ɗinkin nan na bayan rumfa su ne suka riƙe shi.

Jama'a, ku riƙe wannan ɗan bene a zuciyarku, zan komo kansa.

Ranar Asabar na tafi Chatuchak, kasuwar da take ci a ƙarshen mako, kamar yadda tamu ta Kawo take ci ranar Talata. Rumfunanta sun haura 15,000. A da a wani fili take ci kusa da fadar sarki, sai a 1982, shekarar da birnin ya cika shekara 200 da zama hedkwatar ƙasa, aka mayar da ita inda take yanzu. Abin lura shi ne ba a jefar da ita bayan gari an juya mata baya ba. Jirgin ƙasa mai bi ta saman titi, wanda ya fara aiki a Disambar 1999, yana da tasha dab da ita, haka ma jirgin ƙarƙashin ƙasa da aka buɗe a 2004. An raba kasuwar shiyya-shiyya, kowace da lambarta: nan tufafi, nan tukwane da kayan katako, nan shuke-shuke, nan littattafai, nan abinci. Akwai taswira, akwai banɗaki, akwai wata doguwar hasumiya mai agogo a tsakiya wadda duk wanda ya ɓace wa ɗan'uwansa yake zuwa ya jira a gindinta. Ni ma sai da na yi zaman gindinta, domin na ɓace har sau biyu.

Da yawa daga cikin masu rumfunan da na tsaya wajensu matasa ne, kuma abin da suke sayarwa su suka yi shi da hannunsu. Wani yana ɗinka jakar fata a gabanka, ya buga maka sunanka a jiki. Wata tana sayar da sabulun da ta haɗa a gida. Na tsaya ina kallon jakar nan, na tuna da dukawan Kano da na Sakkwato, na ce wallahi fatarmu ta fi wannan. Abin da suka fi mu shi ne gamawa: ɗinki a miƙe, zif mai kyau, leda mai tsabta, da ɗan katin da ke ɗauke da lambar wayar mai kaya. A tsallaken titi kuma akwai kasuwar Or Tor Kor, ta hukumar da ke tallata amfanin gonar manoma. Mangwaro ne da kifi da barkono irin waɗanda muka sani, amma an ware manya da ƙanana, an jera, an rubuta farashi, ƙasa a share, ba ka taka ruwan kifi.

Yanzu bari in zo kan manyan kantunan zamani, waɗanda su ne aka fi nunawa a hotuna. Na shiga guda uku. Na farko MBK, wanda aka buɗe tun 1985, bene mai hawa takwas, shaguna wajen 2,000. Daga waje sai ka ce wani gidan gwamnati ne, amma da ka shiga sai ka ga ai kasuwa ce aka sa wa rufi da na'urar sanyi da matakala mai tafiya da kanta. Hawa guda kusan duk na masu waya ne da masu gyaranta, kowa da ɗan teburinsa wanda bai fi faɗin tabarma ba, kuma ana taya kaya kamar a Kasuwar Barci. Akwai ɗakin salla a ciki, a nan na yi Azahar tare da wasu Musulmi 'yan ƙasar.

Na biyu Platinum, a tsallaken Pratunam, wanda aka buɗe a 2005. Shi ma irin sarin da ake yi a lungunan kasuwa ne aka hau da shi bene, shaguna ƙanana ƙanana, da wurin cin abinci a sama inda kake sayen kati ka biya da shi, in ka gama a mayar maka da canjinka. Na uku Siam Paragon, shi ma na 2005, kuma wannan na masu hannu da shuni ne. Har motocin alfarma na gani an jera a bene, a ƙarƙashin ginin kuma akwai gidan kallon kifaye. A nan na yi abin kunya. Na ɗauki wani agogo, na jawo kalkuletar wayata na danna rabin kuɗin na nuna wa yarinyar kantin. Ta haɗa tafukan hannunta ta ɗan sunkuya, irin gaisuwarsu, ta nuna mini takardar farashi tana murmushi. Na ajiye agogon a hankali na kama gabana.

Abin da na lura da shi ke nan: a wannan gari, babban kanti bai cinye kasuwa ba. Tsakanin Siam Paragon da lungunan Pratunam tafiyar ƙafa ce, kuma kowanne da mutanensa. Hasali ma biyu daga cikin kantuna ukun da na shiga, ƙananan 'yan kasuwa ne suka cika su.

Kada ku ɗauka aljannar duniya nake ba ku labari. Cunkoson motocin Bankok ya fi na gadar Kawo ta da. Su ma hukumominsu sun sha tashin masu kasa kaya a bakin titi, alal misali a 2016 an kawar da masu sayar da furanni daga gefen titin kasuwar Pak Khlong Talat, mutane da yawa suka koka. A watan Yunin 2024, bayan na dawo, gobara ta cinye sashen masu sayar da dabbobi a gefen Chatuchak. Akwai kuma 'yan damfara. Wani mai tuk-tuk, watau ɗan'uwan Keke Napep ɗinmu, ya rantse mini cewa kasuwar da zan je a rufe take ran nan, ya zagaya da ni ya sauke ni a shagon masu sayar da duwatsun ado, inda ake ba shi lada in ya kawo baƙo. Kasuwa kuwa tana nan tana ci.

Akwai wadda ta fi wannan haɗari, kuma ina roƙon ƙannenmu su buɗe kunne. Ana gobe zan taso, wani ɗan ƙasarmu da muka gaisa sau biyu kacal ya kawo mini wani ɗan ƙunshi a naɗe, wai in taimaka in kai wa iyalinsa. Na ce ya buɗe in gani, ya ce ai an riga an liƙe. Na ce to ya yi haƙuri. Mai yiwuwa turare ne kawai a ciki, Allah ne masani. Amma dokar ƙasar a kan miyagun ƙwayoyi mai tsanani ce ƙwarai, kuma akwai 'yan Nijeriya da suka shafe shekaru a gidajen yarin can. Kunyar minti ɗaya ta fi ɗaurin shekara ashirin sauƙi.

Wuri na ƙarshe da zan ambata shi ne unguwar Ban Khrua, a bakin magudanar ruwan da na faɗa ɗazu. Musulmi ne 'yan ƙabilar Cham, masaƙan siliki tun kakanni. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sana'ar ta kusa mutuwa, sai wani Ba'amurke mai suna Jim Thompson ya kafa kamfanin silikin Tailan a 1948, ya riƙa ba masaƙan unguwar aiki, ya gyara rini, ya nemo musu masu saye a ƙasashen waje. Shi ya ɓace a ƙasar Malesiya a 1967, ba a sake ganinsa ba, amma har yau silikin Tailan suna ne a duniya, gidansa kuma da ke tsallaken unguwar ya zama gidan tarihi. Masu saƙa a unguwar sun ragu ƙwarai, amma na ji ƙarar masaƙa da kunnena. Ina tsaye a wurin, marinar Ƙofar Mata ce ta faɗo mini a rai.

To, mu komo gida. Kaduna ba baƙuwar masana'anta ba ce. A 1957, zamanin Sardauna, masaƙar KTL ta fara aiki a Kakuri, sa'an nan UNTL da Arewa da sauransu suka biyo baya, har aka riƙa kiran garin nan cibiyar masaƙun ƙasa. Da yawa a cikinmu da albashin masaƙa aka biya mana kuɗin makaranta. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta dakatar da aiki a 2007. Yau ka shiga Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ka ɗaga wuyan riga goma ka duba inda aka yi su, ka gaya mini nawa ne na gida. Shinkafar Tailan ma sai da ta zama abincin bikinmu, kafin a rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, alhali ga fadamu Allah ya ba mu. Sayarwa kam mun iya ta, ba wanda zai koya wa Bahaushe ciniki. Ƙerawa ce muka saki. Amma ba ta mutu ba: ku je Panteka ku ga abin da yara suke yi da ƙarfe da hannu kawai.

A nan zan faɗi laifina. Kafin tafiyar nan, in aka ce a gyara kasuwa, abin da yake zuwa mini a kai shi ne gini: a rushe, a zuba kankare, a sa ƙofofin ƙarfe. Na taɓa rubuta takarda a wurin aiki inda na kira masu tebur da masu tallan bakin kasuwa da sunan cunkoso. Ni da aka yi wa kuɗin jarrabawa da cinikin rumfa! Mun ga yadda aka rushe Kasuwar Barci a 2020 don a sāke gina ta. Ginin zamani abu ne mai kyau, ba na musu. Tambayar da ban taɓa yi ba sai da na je Bankok ita ce: in an gama ginin, mai ɗinki da mai tebur ina za su zauna, kuma za su iya biyan kuɗin wurin?

Wannan ya kawo ni kan filinmu. Ina goyon bayan a yi gini, kuma ina yaba wa kwamiti da Ma'aji bisa ƙoƙarinsu. Filin yana wuri mai kyau, masu zuwa Zariya da Kano da Jos duk ta yankin nan suke wucewa. Sai dai ina roƙon a duba abubuwa huɗu kafin a sa hannu a kan zanen.

Na ɗaya, a ware bayan ginin ya zama ɗakin sana'a, irin ɗan benen nan na Pratunam: kekunan ɗinki, teburin aikin fata, da wurin gyaran waya. Ɗaliban makarantar nan da suka gama aji shida ba su sami gurbin ƙaro karatu ba, su riƙa koyo a wurin a hannun ƙwararru, a kuma ware shago ɗaya a gaba da zai riƙa sayar da abin da suka yi. Kasuwar farko ma tana hannunmu, domin kowace shekara ɗalibai suna bukatar kayan makaranta da jakunkuna da takalma.

Na biyu, kada a yi shagunan duka manya. A raba wasu ƙanana, a kuma bar rumfa mai inuwa inda mai tebur zai biya kuɗin yini ko na mako. Wanda ya fara da tebur yau, shi ne mai kama shago gobe.

Na uku, rijiyar burtsatse da banɗaki da wurin salla da tukwanen kashe gobara da hanyar da motar kwana-kwana za ta iya shiga, a sa su cikin lissafi tun farko. Duk mun tuna gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016, da ambaliyar da ta shiga Kantin Kwari a 2022.

Na huɗu, a rubuta ƙa'idar raba shaguna a fili, a manna kowa ya gani, don kada mu membobi mu kwashe su mu riƙa ba da haya a kan haya.

Na san Ma'aji zai ce wannan zai rage kuɗin da zai shigo asusu, kuma gaskiyarsa ne, zai rage, musamman a shekarun farko. Akwai kuma wahalar samun wuta da ta neman malaman sana'a masu amana. Ban zo da amsar komai ba. Abin da na sani shi ne, an kafa ƙungiyar nan don ɗaliban makarantar nan, kuma cikin waɗanda suke zaune can baya, ba kowa ne zai sami aikin ofis kamar yadda wasunmu suka samu ba. In Shugaba ya yarda a kafa ƙaramin kwamiti da zai sāke duba zanen kafin taro na gaba, ina neman a sa sunana, kuma keken ɗinki na farko ni zan saya.